Wasan da Kunne ke Jan Ragama

A shekarar 2013 wani ɗan ƙasar Suwidin, Robert Topala, ya fitar da wasan Geometry Dash. Ɗan akwati ne ke gudu, kai kuma kana taɓa fuskar waya ya tsallake ƙayoyi. Tsallen da kiɗa yake tafiya, don haka mai saurare da kyau kunnensa kan riga idonsa sanin lokacin tashi. Kuskure ɗaya, ka koma farko.

Abin da ya fi burge ni, masu wasan da kansu suke gina sababbin matakai su ɗora a intanet, har sun kai miliyoyi. Iyaye, in yaranku na buga shi, ku ƙarfafa musu gwiwa su koyi ginawa.