Allon da ke gudu



Yau zancenmu bisa allon lantarki ne, wannan mai kama da talbijin da kuke gani a banki, a tashar mota, ko a filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai. Shi ke nuna lambar wanda aka kira da lokacin tashi.

Kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, kana karanta wasiƙa da kanka. Amma in ka tsaya gaban allon nan, kafin ka haɗa kalma biyu rubutun ya wuce. Sai ka ji kunya, ka ce ashe ban iya ba. Wani ma har a kira lambarsa a wuce, yana zaune da takarda a hannu.

Kada ka ɗora wa kanka laifi. Sau da yawa laifin na wanda ya shirya allon ne.

Allo mai kyau ba ya gudu. Rubutu ya tsaya har mai karatu sannu ya karanta sau biyu. Kalmomi kaɗan: wuri, lokaci, lamba. In mai kallo yana nesa da mita 3, tsawon harafi ya kai santimita 2 da rabi. In nisan ya ninka, harafin ma ya ninka. Farin rubutu bisa baƙin allo ya fi. Rawaya bisa fari kuwa, in rana ta bugi gilashin, ko mushen lakkal ba ya ganinsa. Wasu mutane, galibi maza, tun haihuwa ba su bambanta ja da tsanwa, saboda haka launi kaɗai bai isa ba, sai an rubuta "a buɗe" ko "a rufe". Haske mai walƙiya fiye da sau 3 cikin daƙiƙa ɗaya yana iya tayar wa mai farfaɗiya ciwonsa. Makaho kuma sai da murya.

Ga dabara ɗaya taka. In ka ga 14h30, ka ɗebe 12: ƙarfe 2 da rabi ke nan na rana.

A shekarar 2025 aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. To, in ka roƙi a sa Hausa bisa allo, ba ka yi rashin kunya ba. Ka je wurin ma'aikaci ka ce: "Malam, don Allah a rage gudun rubutun nan." Da kwamfuta ake daidaita shi, ba sai an sayi sabon allo ba.