Mu Shirya wa Damina Tun Daga Kaka

Jawabin mai fassara na ofishin kariya a taron shugabannin unguwanni da na mata

  

Kun saba ganina a ofishin kariya ina mayar da maganarku Faransanci, in dawo muku da amsa da Hausa. Yau an ce in yi magana da bakina, kuma a kan talauci. Wani zai ce me ya haɗa ofishin kariya da zancen gero da kuɗi? Ƙorafin da ake kawo mana, da yawa in ka bi sawunsa za ka tarar yunwa ce ko bashi a gindinsa. An aurar da yarinya ba ta isa ba don a rage baki a gida. An cire yaro daga makaranta ya tafi bara. Maigida ya jinginar da katin abincinsa wurin mai shago. Saurayi ya tsallaka iyaka don ya nome gonar da aka baro, ƴan bindiga suka tare shi. Kuma abin ya fi tsanani daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba.

Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara shigowa jihar Maraɗi, ta Gidan Rumji da Madarumfa. An ɗauka zaman wata biyu ne ko uku, ga shi shekaru sun shuɗe. Taimakon ƙungiyoyi yana zuwa, mun gode, amma ranarsa da yawansa ba a hannunmu suke ba. Abin da ke hannunmu shi ne sanin cewa yunwar damina ba ta zuwa ba zato. Kowa ya san watanta. To, abin da aka san ranar zuwansa ana iya tarbarsa da shiri. Gida ɗaya ba zai iya ba, gida ashirin za su iya. Zan kawo hanyoyi uku.

Ta farko asusu. Ba baƙon abu ba ne a nan. A wannan jiha ta Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, daga nan tsarin ya bazu ƙasashe da yawa. Bambancinsa da adashi shi ne, a adashi mutum ɗaya ke kwashewa in zagaye ya zo kansa, ko yana da buƙata ko ba ya da ita. A asusu kuɗin na zama a akwati, mai buƙata ya ranta ya mayar, a raba abin da ya taru ƙarshen zagaye. Mu yi lissafi. Mata 20, kowace ta zuba dala ashirin, wato sefa 100, kowane mako. Jika biyu ke nan a mako. A mako 40 an tara jika 80. Ba wadda za ta iya ajiye wannan ita kaɗai a ƙarƙashin tabarma, don kullum akwai abin da zai cinye shi.

Asusu yana rayuwa ne da ƙa'ida. Akwati ya zama da kwado uku, makullan a hannun mutum uku, mai ajiye akwatin kuma daban. Kada a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga kuɗi da ƙarfi kowa na ji, a rubuta. A ware ɗan abu na gefe don rashin lafiya, haihuwa ko rasuwa, wannan kyauta ne ba rance ba. Na san wasu suna jin tsoron riba, kuma suna da gaskiya su tambaya. Ku zauna da malamanku tun kafin a fara. Ƙungiya na iya ba da rance ba ƙari, ta nemi ribarta ta hanyar saye da sayarwa.

Wannan ya kawo mu hanya ta biyu, hatsi. Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, tiyar gero tana araha don kowa na sayarwa. Da damina sai ta hau. Talaka yana sayarwa da araha, ya dawo ya sayi geron nan da tsada, wani lokaci ma da bashi. Idan ƙungiya ta tsara zagayenta yadda kuɗi zai taru daidai kaka, sai ta sayi gero ta ajiye, da damina ta sayar wa ƴaƴanta ƙasa da kuɗin kasuwa, amma sama kaɗan da yadda ta saya don jari kada ya mutu. Shi ne bankin cimaka da ƙauyukan Nijar suka sani. Abubuwa biyu ke kashe shi: ƙwari da bashin kunya. Hatsi ya bushe sosai, a ɗora buhuna a kan katako kada su taɓa ƙasa ko bango. Wake kuma a sa shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam, ba ya buƙatar magani. Bashin kunya kuwa shi ne a ce wane ɗan'uwan shugaba ne, a ba shi buhu ba rubutu. Ranar da aka yi wa mutum ɗaya haka, sauran sun daina zubawa.

Ta uku kiwo. Fulani suna da al'adar habbanaye: a ba ka aron dabba mace, ta haihu a hannunka, ka riƙe ƴaƴan, ka mayar da uwar. Ƙungiya na iya yin haka da jar akuyar Maraɗi, wadda aka sani da yawan haihuwa. A fara da gidan da ya fi rauni, gwauruwa mai marayu ko gidan da ke da naƙasasshe, sannan uwar ta wuce gida na gaba. Masu turka rago don layya su tanadi harawa da ƙaiƙayi tun kaka, kafin su yi tsada.

Shawara ɗaya game da sana'a: kada kowa ya faɗa wa abu ɗaya. In mata talatin suka soya ƙosai a layi guda, duk za su koma gida da kwantai. Ku zauna ku raba: wasu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wasu sabulu, wasu ɗinki, wasu awara. Ku duba abin da ake zuwa kasuwa mai nisa a sayo, shi ne abin da babu a nan.

Ga masu masaukinmu kuma. Kun ba da gona da rijiya a lokacin da ku ma ba ku da yawa, kuma yunwar damina ba ta tambayar wane ne ɗan gari wane ne baƙo. Ƙungiyar da ta haɗa ɓangarorin biyu ta fi ƙarko. Idan an ba da aron gona, a yi a gaban maigari da shaidu, a faɗi iyaka da yawan daminar da za a yi, don kada rigima ta tashi ranar girbi. Mu baƙi kuma mu kiyaye itatuwan gona, musamman gawo. Manoman Maraɗi sun daɗe suna rainon tohon itace a gonakinsu, kada gatarinmu ya ɓata musu wahalar shekaru. Ranar gayya mu fito tare.

Abin da nake roƙo kafin taro na gaba kaɗan ne. Kowace unguwa ta rubuto gidajen da ke son shiga, mutum 15 zuwa 25 a ƙungiya, waɗanda suka yarda da juna. Ku zaɓi shugabanni, ku yanke yawan zubi daidai ƙarfin mafi rauni a cikinku, ku sa ranar taron mako. Wanda ba ya karatu ya zo, za mu taimaka da rubutu.

Kada ku jinginar da katin abinci ko takardar rajistarku ga kowa. Duk taimakon da ake bayarwa a nan kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi ko ya nemi mace kafin ya sa suna a takarda, ku zo ofishin kariya, asirinku a rufe yake. Wanda bashi ya kai shi ga tunanin aurar da ƙaramar yarinya ko komawa daji, ya zo mu yi magana tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.