Keken Jariri da Kujerar Mota: Wanne Ya Fi Cancantar Kuɗinki?

 

Wata baiwar Allah ce ta aiko mana da tambaya. Ta ce haihuwarta ta kusa, maigidanta kuma ya ga wani kaya a kanti, keken tura jariri haɗe da 'yar kujera mai mariƙi kamar kwando, wadda ake cirewa daga kan keken a ɗaura ta a mota. Ya ce ta zaɓa, shi zai biya, ga shi ita ba fita take yi ba balle ta dudduba. To 'yar uwa, ga amsarki, sauran mata ma sai su matso kusa da rediyo.

Abu biyu ne a cikin kayan nan, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Keken don hutu ne. Kujerar kuwa don tsare rai aka yi ta. Amma idan an je kanti keken ake kallo, launinsa da rumfarsa, kujerar sai a ɗauke ta kamar gyara.

Mu faɗa wa juna gaskiya, yaya muke shiga mota da jariri? Ko dai a rungume shi a cinya, ko kuma a zauna da goyo a baya. Na san za ki ce riƙon uwa ai ba wasa ba ne. Haka ne. Sai dai motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda gudun cikin gari ne kawai, idan ta yi karo, daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa uku. Babu hannun da zai iya riƙe yaro a wannan lokacin, komai son da ake masa. Mai goyo kuma, idan aka bugo motar ta baya, nauyin jikinta gaba ɗaya kan ɗan zai koma. Allah Ya kiyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara na iya rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100.

Kujerar jariri baya take kallo, wato yaron yana fuskantar bayan mota. Wasu suna ganin kamar kuskure ne sai su juya ta don su riƙa ganin fuskarsa. Kada a juya. Kan jariri babba ne, ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, wuyansa kuwa bai yi ƙwari ba. Idan aka taka birki da ƙarfi yana kallon gaba, kan ne zai fizgi wuyan. Idan yana kallon baya, kujerar ce za ta tallafe kai da wuya da gadon baya a tare. Wani malamin jami'a a ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da dabarar a 1964, bayan ya ga yadda ake kwantar da 'yan sama jannati ta baya lokacin tashin kumbo. Mutanen ƙasar har yaro ya kai wajen shekara 4 baya yake kallo.

Wurinta kujerar baya. Kada a kuskura a sa ta gaba kusa da direba, domin jakar iskar nan da ke fashewa idan an yi karo, wadda ke ceton babba, ita ce ke bugun kujerar jariri ta hallaka shi.

To ga saƙon da za ki ba maigida, in da hali ki rubuta masa a takarda. Ya juya kujerar ya nemi tambari. Ta Turai tana da 'yar takarda, yawanci ruwan lemo, da harafin E a cikin da'ira, an rubuta R129 ko R44. R129 ita ce sabuwar ƙa'ida, ta fara aiki a 2013, kuma ta wajabta yaro ya kalli baya har wata 15. Ya duba nauyin da aka rubuta, yawancin na jarirai suna kaiwa kilo 13. Ya duba igiyar ɗaurin ta kama wuri biyar: kafaɗa biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Sannan kafin ya biya, ya roƙi mai kanti a fita da ita a gwada a motar gida. Akwai masu ƙugiyoyin ƙarfe da ake kira Isofix, ba kowace mota ke da mazauninsu ba, musamman tsofaffi. Wadda ake ɗaurewa da bel ɗin mota ta fi shiga ko'ina, har motar haya. Idan an ɗaure, a girgiza ta da hannu. In tana rawa, ba ta ɗauru ba.

Sai maganar gwanjo. Ni ba na raina gwanjo, da shi muka yi wa yaranmu sutura. Keke na gwanjo babu laifi in ƙafafunsa da birkinsa lafiya. Amma kujera, wa zai gaya miki ko an taɓa yin haɗari da ita a can inda ta fito? Tsagewar ciki ba ta nunawa a ido. Robar ma tana tsufa, shi ya sa masu ƙerawa ke buga ranar ƙira a jiki, da yawansu kuma suna ba ta shekara 6 zuwa 10. In kuɗin bai kai na biyun ba, a sayi kujera sabuwa, keken ya jira. In kuwa ta hannu za a karɓa, to ta kasance daga 'yar uwar da kika san tarihin kayanta.

Shi keken ba zan daɗe a kansa ba. Ki tambayi kanki, ina zan tura shi? Mai gida a Abuja ko unguwar da ke da kwalta da fili, zai yi mata amfani. Mu na cikin lungu, ga kwata ga yashi ga dokin ƙofa, zanin goyo ya fi shi sauri. In za a saya, a nemi mai manyan ƙafafu, mai birki, wanda ke naɗewa ya shiga but ɗin mota, kuma wanda bayansa ke kwantawa sosai, domin jaririn da bai kai wata 6 ba kwanciya yake bukata, bai isa zama ba.

Akwai kuskuren da wannan haɗin ke jawowa. Saboda kujerar tana hawa kan keke, sai a bar yaro a ciki tun daga gida har asibiti, har gidan barka, har a dawo. Ba gado ba ce. Jariri yana zaune a lanƙwashe, kansa na iya faɗowa kan ƙirji ya takura numfashi. Shawarar da ake bayarwa kada ya wuce awa 2 a ciki ba a ciro shi ba, sabon haihuwa ma ƙasa da haka. In tafiyar wankan jego ce mai nisa, kamar daga Kano zuwa Sakkwato, a riƙa tsayawa ana ciro shi ya sha nono ya miƙe. Kada a ba shi nono mota na tafiya.

Da sanyi, mun saba naɗe jariri da tawul da rigar sanyi mai kauri. A kujera, a ɗaure shi da kaya marasa kauri tukuna, igiyar ta kwanta a jiki yadda ba za ki iya tsunkule ta da yatsu ba, sannan a lulluɓa bargo a kai. Da bazara kuma ki taɓa ƙarfen maɗaurin kafin ki sa shi, don rana na mai da shi kamar dutsen guga. Kada ki rufe keke ruf da mayafi don kare rana, zafi ne ke taruwa a ciki. Kuma ko na minti biyar ne, ba a barin yaro shi kaɗai a mota a rufe.

Wata za ta ce mu Adaidaita Sahu muke hawa. To babu wurin ɗaura kujera a cikinta. Ki kwance goyon kafin ki shiga, ki riƙe shi a gaba, ki zauna tsakiya, kuma kada ki ji nauyin cewa, "Malam, a yi a hankali, da jariri."

'Yar uwa mai tambaya, ki ce wa maigida a ɗaura kujerar tun kafin naƙuda, don ranar sallama daga asibiti ita ce tafiyarsa ta farko a mota. Allah Ya sauke ki lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.