Kunya a Gidan Baƙo



Shugaban Ƙungiya, iyayen ƙasa, 'yan'uwa mazauna birane: 'ya'yanmu da dama suna aikin shara da goge-goge a gidajen Turawa da sauran baƙi, a unguwanni irin su Bompai a Kano da Maitama a Abuja. Sau da yawa ana sallamarsu ba don mugun hali ba, sai don saɓanin al'ada.

Mun hori yaro ya sunkuyar da kai a gaban babba. A wurin Bature kuwa, ƙin haɗa ido alamar rashin gaskiya ce. Agogo ya ɓata, uwargida ta tambaya, yarinya ta dubi ƙasa ta yi shiru don ladabi; shirun nan sai ya zama shaidar sata. Haka "to" ɗinmu: mu girmamawa muke nufi, shi ya ɗauka an gane, an amince.

Saboda haka, ku masu sama musu aiki, ku zauna da maigidan tun ranar farko. A fayyace albashi, lokutan salla, wankan kare da wanke kofin giya. Ku kuma koya musu su riƙa tambaya, su kare kansu da ladabi, domin matambayi ba ya ɓata.

Allah ya tsare mutuncinsu. Wassalam.