Suna, shahara da ƙaurin suna

Yau a filinmu na harshe za mu ɗauki wata kalmar Ingilishi da ke yawan faɗowa a jaridu da labaran rediyo, wato famously.

Tushenta shi ne fame, suna ko shahara ke nan. Ita kuma fame daga harshen Latin ta samo asali, inda fama ke nufin abin da ke yawo a bakin mutane, ko labari ne ko jita-jita. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan aka ce mutum famous ne, to sananne ne, fitacce. Da aka liƙa mata wutsiyar ly sai ta bar mutumin ta koma kan aikinsa ko halinsa. Mu a Hausa ba kalma ɗaya muke sawa a nan ba. Cewa muke "sanin kowa ne", ko "an san shi da kaza". Bature zai rubuta cewa jar akuyar Maraɗi famously take da yawan haihuwa. Fassara mai kyau ita ce: an san jar akuyar Maraɗi da yawan haihuwa. Makiyayi zai ce ai wannan ba labari ba ne, tagwaye yake gani a garkensa.

To amma ga inda masu fassara ke zamewa. A kunnen Bahaushe "ya shahara" yabo ne, ita kuwa wannan kalma ba lallai ta yabi kowa ba. A 1967 ɗan damben nan na Amurka, Muhammad Ali, ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, har aka ƙwace kambunsa. Marubuta kan ce famously ya ƙi. Wasu sun jinjina masa, wasu sun zage shi, kalmar ba ta bi bayan kowa ba. Iyakacinta dai, duniya ta ji.

Tana da 'yan uwa biyu masu haɗari: infamously da notoriously. Ɗalibi kan ga in ɗin da ke gaban ta farko ya ɗauka ana nufin abin ba sananne ba ne. Ina! Sananne ne ƙwarai, sai dai da mugun abu. Nan Hausa ta fi Ingilishi iya magana, don muna da ƙaurin suna, kuma kowa ya san ƙauri warin abin da ya ƙone ne. Direba, in jarida ta ce wata hanya notoriously take da 'yan fashi, yaron shagonka kuma ya karanta maka cewa "hanyar ta shahara", wallahi ya cuce ka. Ta yi ƙaurin suna, kar ka bi ta da dare. Haka in an faɗi ta a kan dillali ko mahauci mai karɓar shanu bashi.

Akwai kuma wata tsohuwar ma'ana da 'yan Ingila ke amfani da ita. In suka ce mutum biyu suna get on famously, babu ruwan shahara a ciki. Jininsu ya haɗu ke nan, suna ɗasawa, kamar fatake da mai masaukinsu na shekara da shekaru.

'Yan uwanmu na ɓangaren Nijar, ku kuma Faransanci na iya yi muku tarko. Fameux kan nufi abu mai kyau ƙwarai, shi ya sa in mai saye ya juya fatarka ya ce pas fameux, ba cewa yake ba a san ta ba. Cewa yake ba ta da wani kirki, neman ragi yake. Sananne kuwa, galibi célèbre suke cewa.

Mu koma kan jita-jitar nan ta Latin. Abin da ya cika bakin mutane ba shi ke nan ya tabbata ba. Ɗaruruwan shekaru Turawa na yabon wata lallausar fata da suke ɗaure littattafai da ita, suna kiranta fatar Maroko. Alhali da yawanta fatar jar akuya ce ta ƙasar Sakkwato da Kano, majemanmu suka jeme, ayarin raƙuma suka ƙetare Sahara da ita, aka loda ta a jiragen ruwa daga arewacin Afirka. Inda aka saye ta, can sunan ya maƙale.