MU JE MU GA INDA AKA YI
Jawabin da aka yi wa 'yan reshe a Tabotaki, bayan tashin kasuwa

Na san kun wuni a rana, ba zan tsare ku ba.

Tambaya ɗaya zan fara yi muku. A cikinku wa ya taɓa zuwa Galma? Na ga hannuwa da yawa. To, wa ya je don ya ga inda aka yi yaƙi? Babu ko ɗaya. Ga Galma nan kusa da Madawa, muna kai albasa, muna sayen akuya, ba wanda ya tsaya ya tambaya. Alhali kuwa a nan ne, cikin shekara ta 1901, Kel Geres suka tari sojan Faransa da takobi da mashi da garkuwa, aka yi musu ruwan harsashi. Daga wannan karo ne hanyar ƙasarmu ta buɗe wa Annasara.

Ni kaina sai bara na yi wannan tafiya, kuma abin da na gani shi ya kawo ni gabanku.

Na fara da Birnin Ƙonni. A watan Mayu na 1899 rundunar Kyaftin Bule da Kyaftin Shanuwan ta faɗa wa garin, ta kashe jama'a, ta sa wuta. Na zaga ina neman abin da zai nuna wa baƙo haka. Motoci na wucewa, 'yan canji na kira. Sai da na zauna gindin wani tsoho, na miƙa masa goro, sa'an nan ya buɗe baki ya ba ni abin da kakarsa ta gaya masa: yadda aka gudu, da wanda bai dawo ba. Da ban zauna ba, da na koma gida ina cewa ba abin gani a Ƙonni.

Daga nan na yi gabas, na wuce Maraɗi da Tasawa, har Maijirgi. Nan kabarin Bule yake, kuma ba wuya a nuna maka shi. Ku duba wannan al'amari, jama'a! Wanda ya yi kisa an san makwancinsa. Mata da yaran da aka hallaka a Koran Kalgo, can wajen Tasawa, wa zai lissafa mana sunayensu? Har Kanar Kulob, wanda Faransa ta aiko ya tsai da Bule, Bule ya sa aka harbe shi a Ɗankori ran 14 ga Yuli, labarinsa yana rubuce cikin littattafai da yawa, gama shi Bature ne.

Akwai magana mai ɗaci, tilas in faɗe ta. Turawan wannan runduna ba su kai goma ba. Masu riƙe bindigogin baƙaƙen fata ne kamarmu, an ɗebo su daga yamma. Da hannunsu aka ƙone garuruwa, kuma da hannunsu aka kashe Shanuwan da Bule, ran da suka gaji suka juya baki. Duk wanda ya tsaya bakin kabarin nan ya tuna da wannan. Mutum tara ba su cin ƙasa sai sun sami masu ɗaukar musu kaya.

Lugu kuwa, a ƙasar Arewa wajen Dogondutsi, ta yi sa'a. Sarauniya Mangu ta yi tsaye a watan Afrilu na 1899, kuma Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, aka yi sinima a 1986. Shi ya sa yaran makaranta suka san ta. Galma ba ta sami mai alƙalami ba. Ko za a jira wani daga Faris ya zo ya rubuta mana?

Saboda haka ga abin da nake roƙon reshen nan. Kafin damina ta faɗi, a haɗa kuɗin mota, a zaɓi mutum biyar ko shida, da mace a cikinsu, domin tsofaffin mata ba su sakin jiki da maza, su kuwa ke riƙe da labari. A tafi da mai rubutu, da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. In kun isa, ku fara gai da mai gari, kada ku faɗa gonar mutane kamar awaki. Ku tambayi ina aka ja daga, ina aka binne mutane, su wane ne, 'ya'yan wa. Ku rubuta yadda aka faɗa muku, ko da bakin biyu ya saɓa. Wanda ya tsinci kan mashi ko tsohon harsashi ya bar shi wurin mai gari, ba na sayarwa ba ne. A yi wa mamata addu'a kafin a tashi.

Kuma kada in ji wani ya ce Galma maganar Buzaye ce, ba ta shafi Bahaushe ba. Harajin da aka aza bayan yaƙin, da aikin tilas da ba a soke ba sai 1946, ba su tambayi kowa harshensa ba.

Sakatare zai rubuta sunayen masu son tafiya yanzu. Mai dala biyar ya kawo, mai goro ya kawo goro.