Jawabin Kwamitin Zartarwa a Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya: Ankara Ta Sauya, Ina Muka Tsaya?

Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Kumasi, Lome, Kwatano da Maradi, sannunku da hanya.

Da muna yara, in baƙo ya sauka Ankara, wato Accra, kwatancen da ake yi masa bai wuce uku ko huɗu ba: Makola, Tudu, Zongo Lane, sai hasumiyar nan mai ja da fari ta Jamestown da ke bakin teku. Yau ku saurari yaron mota a cikin trotro. Abin da fasinja ke ce masa shi ne ya sauke shi a Melcom ko a China Mall. Kantin rangwame ya zama abin kwatance a gari, kuma inda mutum ke sauka, nan yake fara taɓa aljihunsa.

Tsofaffin wuraren ma ba su zauna lafiya ba. Sojoji sun rushe tsohuwar Makola a 1979, filinta ne Rawlings Park na yanzu. A Yulin 2021 aka tashi 'yan albasarmu daga Agbogbloshie aka kai su Adjen Kotoku, can bayan gari. Wanda ya saba ɗauko albasar Galmi ya sauke a tsakiyar birni ya san abin da wannan tashi ya ci masa: matar da ke sayen rabin buhu ba za ta biya kuɗin mota biyu ta zo ta same shi ba, sai ta saya hannun wanda ya fi kusa. Kantamanto kuwa gobara ta cinye ta a farkon 2025.

Melcom ta fara ne a 1989, yau da wuya ka shiga babban gari a Ghana ba ka ga reshenta ba. Kada mu ruɗi kanmu cewa asiri ne. Irin waɗannan kantuna suna sayo kaya kwantena-kwantena kai tsaye daga masana'anta, su fito da su ta tashar Tema, su raba wa rassansu. Bokitin roba ko fanka da ta bi hannu uku kafin ta iso rumfarmu, su hannu ɗaya ta bi. Ga farashi a manne jikin kaya, ga rasit, ga wurin ajiye mota. 'Ya'yanmu na cikinmu ma sun fi son haka, wai kunyar tayi suke ji. Mu da muka tashi da "albarka" da "na sallama" abin yana ba mu dariya, amma dariya ba ta dawo da mai saye.

Sai maganar doka, wadda ta fi damun waɗanda ba 'yan ƙasa ba a cikinmu. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan Ghana sayar da kaya a kasuwa da talla, ta kuma gindaya wa baƙon da ke son saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki. Babban kamfani yana iya cika wannan sharaɗi. Mai shago ɗaya fa? Mun ga yadda aka garƙame shagunan baƙi a Circle a 2019 da 2020. Yanzu kuma Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairun 2025, don haka masu takardun Nijar su riƙa bincikar matsayinsu kafin su ɗaura kaya.

Su ma manyan ba ƙarfe ba ne, Game ta rufe kantunanta na Ghana a 2022. Kuma akwai abin da ba za su iya ba. Ba su san makiyayin da ke da rago a Ayorou ba, ba su san ranar da albasa ke karyewa a Galmi ba, ba sa ba mai tuwo a Nima buhun shinkafa ta biya bayan sati biyu. A kayan gona, dabbobi, goro, kilishi da man kaɗe, hanya tamu ce. A kayan roba da na lantarki kuwa, gaskiya, mai tafiya shi kaɗai ya riga ya sha kaye.

Shi ya sa kwamiti ya kawo shawara biyu. Masu kayan masana'anta su haɗa kuɗi, mutum goma ko sha biyar, su yi odar kwantena ɗaya da sunan kamfani mai rajista, a raba a sito guda. Mun san abin da ke ran kowa, an taɓa yin adashe a nan ya watse, har yau akwai waɗanda ba sa gaisawa. Wannan karon kuɗi banki zai shiga, sa hannun mutum uku, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a kowane wata. Ta biyu, mu nemi ƙaramin wurin ajiya kusa da Nima ko Madina, domin albasar Adjen Kotoku ta riƙa kwana kusa da masu sayenta.

Sakatare yana bakin ƙofa da littafi. Mai ra'ayin kwantena ya rubuta sunansa da irin kayan da yake so kafin a kawo abinci, za mu zauna da su bayan la'asar.